Kamfa a Fulotin Kwantirol: Damina Guda da Ta Kuɓuce wa Ɗalibi da Malaminsa

Ɗalibin da wannan nazari ya shafa malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Ya sami hutun ƙaro karatu na shekara biyu, ya shiga digiri na biyu a sashen nazarin amfanin gona na wata jami'ar tarayya da ke Arewacin Najeriya, ya gama karatun aji a ƙarshen 2021. Abin da ya rage masa gwaji ne a gona, sai rubuta kundi, sai tsayawa gaban malamai ya kare shi. A lissafi damina ɗaya ta isa. Sai da ya ci biyu, ya biya kuɗin rajistar wata shekarar, hutunsa ya ƙare yana tsakiyar aiki. Silar wannan duka rabin buhun taki ce da jimla ɗaya a babi na uku. An sakaya sunansa da na malamansa da na jami'ar.

Duk manomin masara ko dawa a yankin Zariya, Funtuwa ko Saminaka ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, tana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar tsirrai irin su masara, dawa ko gero ke fitarwa, da ta tsiro kuma sai ta maƙale a saiwar ta yi ta tsotso. Kafin ƙuduji ya leƙo sama da furensa mai ruwan hoda, ya riga ya yi yawancin ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa. An daɗe da sanin cewa ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, kuma takin naitirojin na rage masa kaifi. Tambayar ɗalibin ita ce: nawa ne mafi ƙarancin naitirojin da manomi zai sa wa irin masara mai jure ƙuduji ya ga bambanci? Tambaya ce mai kyau, domin ƙaramin manomi ba ya iya sayen abin da littafi ya ce, yana son sanin inda kuɗinsa kaɗan zai fi yi masa aiki.

Tsarin gwajin bai da wani rikici. Irin masara uku: biyu daga cikin jerin SAMMAZ da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitarwa, waɗanda aka san su da jure ƙuduji, sai irin gida da manoman wurin ke ajiyewa. Matakin naitirojin huɗu: sifiri, kilo 40, 80 da 120 a hekta. Uku sau huɗu goma sha biyu, a maimaita sau uku, fuloti 36 ke nan. Kowane fuloti kunya shida ne masu tsawon mita huɗu, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin shuka da shuka santimita 25, wato gindi 96 a fuloti, daidai da gindi 53,333 a hekta. Faɗin fuloti murabba'in mita 18. A wurin girbi kunyoyi huɗu na tsakiya kawai ake ɗauka, a bar na gefe saboda suna satar takin maƙwabta. Fulotin da ba a sa masa naitirojin ko kaɗan, wanda ake kira kwantirol, shi ne ma'aunin sauran. Idan babu shi, babu abin da za a ce taki ya ƙara a kansa.

Kwamitin da ke duba aikin mutum biyu ne, kamar yadda aka saba. Shugaban kwamiti, wanda ɗalibai ke kira sufabaiza, farfesa ne a fannin noman hatsi, yana da ɗaliban mastas da na digirin digirgir sama da goma a hannunsa, ga darussan 'yan digirin farko, ga tarukan majalisar jami'a, ga tafiye-tafiyen duba kundayen wasu jami'o'i. Na biyun dakta ne a ilimin ƙasa daga sashen da ke maƙwabtaka. Ɗalibin ya gaisa da daktan sau ɗaya ranar da aka liƙa sunaye, bai sake komawa ba. A ganinsa, kai wa na biyu aiki kafin na farko ya gama tamkar raina na farkon ne. Babu wanda ya gaya masa haka, shi ya ɗauko abinsa daga bakin ɗaliban da suka riga shi.

Tsakanin Nuwamba 2021 da Fabrairu 2022 furofozal ɗin, wato takardar da ke bayyana binciken da zai yi, ya je wurin farfesa ya dawo sau huɗu. Wanda ya duba kwafe huɗun zai ga inda jan biro ya sauka: gabatarwa, manufofin bincike, bitar ayyukan magabata, jerin manazarta bisa tsarin APA, waƙafi da aya, sunayen tsirrai na Latin da ba a karkatar da rubutunsu ba. Gyare-gyare ne na gaskiya, farfesan ya zauna ya karanta. Amma kowane zagaye gajiya na riskarsa kafin ya kai babi na uku, inda aka bayyana yadda za a yi aikin. A can akwai jimlar da ta tsallake zagaye huɗu ba a taɓa ta ba. Cewa take za a sa wa dukkan fulotai fosfaras kilo 60 da fotasiyam kilo 60 a hekta a farkon shuka. Ba ta faɗi daga wane buhu za a ɗebo su ba.

Ga wanda ya saba da irin wannan gwaji, amsar a fili take, shi ya sa ma ido ke wucewa. Fosfaras daga takin sufa ake ɗebo shi, wanda ke ɗauke da kusan kashi 18 cikin ɗari, don haka kilo 333 a hekta, giram 600 a fuloti. Fotasiyam daga takin fotash mai kashi 60, kilo 100 a hekta, giram 180 a fuloti. Naitirojin kuwa daga yuriya kaɗai, mai kashi 46: giram 157 ga fulotin kilo 40, giram 313 ga na 80, giram 470 ga na 120, a raba biyu, rabi a mako na biyu bayan shuka, rabi a mako na shida. Sufa da fotash ba su da naitirojin, saboda haka kwantirol yana zama sifiri na gaske. Farfesan ya yi wannan shekara da shekaru har ya daina ganin cewa abu ne da ake faɗa. Ɗalibin kuwa bai taɓa yi ba.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta fara yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas, damina gaba ɗayanta a ciki. Seminar furofozal da aka sa a watan Maris ba ta yiwu ba. Wannan babbar asara ce, domin a semina ne malamai goma ko fiye ke zama su yi wa tsarin bincike ƙwaƙƙwafi, kuma da wuya a ce babu ko mutum ɗaya da zai ɗaga hannu ya tambayi tushen fosfaras. Ma'aikatan da ba malamai ba su ma sun shiga nasu yajin a shekarar, ɗakunan gwaje-gwaje suka kasance a kulle.

A tsakiyar Yuni, da ruwa ya zauna, ɗalibin ya kira farfesa.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya zauna, ga shi ba a yi semina ba."

"Ka je ka shuka. Semina ko yaushe aka dawo sai a yi ta, damina kuwa in ta wuce sai baɗi. Ka dai bi abin da ke cikin furofozal."

Shawarar ba laifi ba ce. Malamin da ya damu da ɗalibinsa haka zai ce, kuma mutum ne da aka riga aka tsayar wa albashi saboda yajin. Abin da ya rage a wayar shi ne jimla ɗaya: ka turo mini taswirar filin da giram nawa na me za ka sa a kowane fuloti kafin ka taɓa ƙasa.

Ɗalibin ya kama hayar wani yanki na gonar da aka san ta da ƙuduji kusa da garinsu, kimanin kashi ɗaya cikin goma na hekta har da hanyoyin tsakani. Ya auna da igiya da tef, ya kafa turaku, ya rubuta lambobi a ƙananan takardu ya jefa a hula ya zaro don rabon fulotai, kowane jeri da nasa zaren. Wannan duk ya yi shi daidai. Bai ɗebi samfurin ƙasa ba, don ya ɗauka tunda ɗakin gwaji na kulle babu amfani. Da ya sani, da ya haƙo daga wurare goma sha biyar ko ashirin zurfin santimita 30, ya cakuɗa, ya shanya a inuwa, ya tankaɗe ya ƙulle a leda. Ƙasar da ta bushe haka tana jiran wata da watanni, a auna tsaminta da naitirojin da fosfaras ɗinta daga baya.

Sai kasuwa. Shekarar 2022 taki ya yi tsadar da manoma ba su manta ba, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya dagula safararsa, musamman fotash da ake shigowa da shi daga waje. Ya zaga shaguna huɗu.

"Malam, rabona da sufa wata uku. Fotash kuwa ba ma kawo shi tsiransa. Ga kamfa nan 15-15-15, ai komai yana ciki."

Mai shagon gaskiya ya faɗa, komai yana ciki: naitirojin, fosfaras da fotasiyam, kowanne kashi 15 cikin ɗari. Kilo 400 na kamfa a hekta na ba da fosfaras 60 da fotasiyam 60 cif, giram 720 a fuloti, kusan kilo 26 ga filin duka, rabin buhu. Sai dai wannan kilo 400 ɗin yana ɗauke da naitirojin kilo 60 shi ma. Ɗalibin ya san haka, yana koyar da shi a aji. Tunanin da ya yi a tsaye a bakin shago shi ne tunda kowane fuloti zai sami daidai da na ɗan'uwansa, bambancin da ke tsakaninsu yana nan yadda yake. Wannan tunani yana da kama da hankali, shi ya sa yake da haɗari. Tazarar tana nan, amma matakan sun tashi daga 0, 40, 80, 120 sun koma 60, 100, 140, 180. Masara kuwa ba ta amsa taki a miƙe. Kilo arba'in na farko a gajiyayyar ƙasa shi ke yin abin mamaki, daga nan amfanin kowane ƙarin kilo yana raguwa har ya kwanta. Tambayar binciken tana can ƙasa, tsakanin sifiri da 60, inda talaka yake. Gwajin ya tsallake wurin gaba ɗaya.

Ya yi tunanin kiran farfesa daga kasuwar, ya fasa. Ya riga ya kira shi sau biyu a makon, yana jin nauyin na uku a kan abin da ya ɗauka ƙaramin abu ne na cefane.

A farkon Agusta, mako na bakwai bayan shuka, gonar ta yi kyau. Wannan shi ne wurin da ya fi kamata a tsaya a duba a lamarin duka. Fulotin kwantirol na gaske a gajiyayyar gona ana hango shi daga nesa: gajere, kara siriri, ganyen ƙasa ya yi rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya. Filin gwajin naitirojin kamar tabarma mai launi-launi yake, nan kore shar, nan fari-fari. Na ɗalibin kuwa kore ne baki ɗaya, kai ɗaya. Ya ji daɗi, ya ɗauki hotuna shida ya tura ta WhatsApp ya rubuta: "Barka da yamma ranka ya daɗe, ga yadda aiki ke tafiya." Amsa ta zo bayan kwana biyu: "Madalla, Allah ya taimaka."

Hotunan ba su da lakabi. Babu wanda ya nuna allon fuloti, babu wanda ya jera kwantirol kusa da na kilo 120. Saƙon kuma bai tambayi komai ba, gaisuwa ce, aka amsa shi da addu'a. Da an rubuta a ƙarƙashin hoto ɗaya cewa wannan shi ne fulotin sifiri, farfesan da ya shekara talatin yana kallon masara ba zai wuce shi ba. Damina ba za ta dawo ba ko a lokacin, amma da an san gaskiya tun Agusta, da an tara irin ƙuduji a Oktoba, da an shirya wa baɗi a natse.

Ya ƙirga ƙuduji a mako na takwas, na goma da na sha biyu, ya ba kowane fuloti makin lahani daga 1 zuwa 9, ya yi feshin tsutsar nan da ta addabi masara tun 2016, ya girbe a ƙarshen Oktoba, ya sussuke, ya auna nauyi da danshi, ya daidaita zuwa danshin kashi 15. Littafin filinsa tsaf yake, kuma wannan ne ya cece shi daga baya, domin a shafin ranar sa taki ya rubuta da hannunsa: kamfa, giram 720, duk fulotai.

Lissafi ya fito a Nuwamba ba yadda ake fata ba. Bambancin amfani tsakanin matakan taki ƙanƙane ne, manya biyun kusan ɗaya suke. Ƙirgar ƙuduji kuwa ta watse: fuloti ɗaya tari, na kusa da shi sifiri, ba tare da wata alaƙa da taki ko iri ba. Wannan matsala ta biyu ce daban. Ƙudujin da ke gonar manomi ba a shimfiɗe yake ba, tsibi-tsibi ne, don haka fuloti na iya fita fes don kawai babu irin ƙuduji a ƙarƙashinsa. Sauya alƙaluman zuwa logaridam, kamar yadda ake yi wa ƙirga, yana rage wargajewar, ba ya sa iri inda babu.

Wanda ya taya shi lissafin, irin mutanen nan da ke zama da kwamfuta a shagunan gefen jami'a, ya ce masa wannan ba abin damuwa ba ne, ana gyarawa, a rage wa kwantirol kaɗan a ƙara wa na sama kaɗan komai ya fito. A nan ne ɗalibai da dama ke faɗawa, kuma yawanci ba miyagu ba ne, mutane ne da kuɗinsu ya ƙare, hutunsu ya kusa ƙarewa, suna tsoron fuskar malami. Wannan bai karɓa ba. Ya kai takardun wurin wani dattijon ma'aikacin gonar sashen, wanda ya duba layin kwantirol ya ɗago kai.

"Malam, a wannan ƙasar tamu, masara ba taki ta ba da wannan? Me ka zuba mata?"

A nan ya gane. Daga ranar zuwa ranar da ya shiga ofishin farfesa mako biyar ne. Kullum da dalili: an dawo daga yaji, malamai na fama da jarrabawar da ta taru, ƙofar ofis cike da ɗalibai, bari sai an sami sarari. Ainihin dalilin kunya ce. Kafin ya je kuwa, lokacin da ake samun ƙuduji ya nuna a gonakin dawa a tara irinsa ya riga ya wuce.

Zaman na ƙarshen Janairu 2023 bai kai minti arba'in ba, kuma shi ne mafi amfani a shekara biyun. Ɗalibin ya ajiye littafin fili a buɗe a shafin da ya dace, ya ce: "Allah ya gafarta Malam, na yi kuskure, ga shi." Farfesan ya karanta, ya ɗauko furofozal ya buɗe babi na uku, ya daɗe a kan jimlar, sannan ya ce: "Wannan ni ma na karanta ta sau huɗu." Ya ɗaga waya ya kira daktan ilimin ƙasa, wanda ya iso cikin minti goma. Karo na farko ke nan da mutum ukun suka zauna a ɗaki ɗaya.

Rabon laifi a wannan lamari ba daidai-wa-daida ba ne, kuma bai kamata a yi kamar haka ne ba. Ɗalibin ya canza kayan gwaji bai tambaya ba, ya kuma ɓoye na mako biyar. Waɗannan nasa ne. Amma kaso mafi girma na malamin ne, domin shi ya san waɗanne shawarwari ne ke gyaruwa da waɗanda ba sa gyaruwa. Babi na ɗaya ana iya sake rubuta shi daren kare kundi. Manazarta ana gyara su har a wurin mai ɗaurin littafi. Takin da ya shiga ƙasa ba ya fitowa. Malamin da lokacinsa kaɗan ne, kuma kusan duk malamanmu haka suke, ya kamata ya fara karatu daga babi na uku, ya zuba lokacin a kan tsari, rabon fulotai, kwantirol, yawan maimaici, tushen kowane abu da za a zuba, ya bar waƙafi zuwa ƙarshe. Haka yake a wasu fannonin ma: takardar tambayoyi da aka riga aka raba wa mutum ɗari uku, samfurin jini da aka ajiye a sanyin da bai dace ba, hirar da aka yi ba a naɗa ba. Sashen ma yana da nasa kason, don ya bar duk tsaron a kan semina ɗaya, da ta faɗi babu abin da ya maye gurbinta. Al'adar da ke sa ɗalibi ya ga zuwa wurin malami na biyu cin fuska ne ga na farko ita ma shugaban kwamiti ne kaɗai zai iya karya ta, da baki, tun ranar farko: kai masa kwafi duk lokacin da ka kawo mini.

Abin da suka yanke ya cancanci a bi shi dalla-dalla, don ya nuna amfanin malami idan an kai masa matsalar gaskiya. Ba a zubar da aikin 2022 ba. Za a ba da rahotonsa da matakan da aka sa a zahiri, 60, 100, 140 da 180, a faɗi dalili a fili. Za a sake gwajin a 2023 a wani fili daban, don kada ragowar takin bara ta shiga lissafi. Daktan ya ba da shawarar a bar matakan farko a ɗauki 0, 60, 120 da 180, domin 60 da 180 su haɗu da na bara a sami abin kwatantawa, ko da yake ya ja kunne cewa 60 na kamfa da aka zuba lokaci ɗaya ba daidai yake da 60 na yuriya da aka raba biyu ba, don haka kwatanci ne na tattaunawa, ba za a narka shekarun biyu a lissafi ɗaya ba. Yuriyar ta koma giram 235, 470 da 704 a fuloti. Ƙuduji kuwa za a shuka shi da hannu: a cakuɗa irinsa da tankaɗaɗɗen yashi, kashi ɗaya iri kashi 99 yashi bisa nauyi, a zuba a kowane rami abin da ya kai kimanin ƙwaya 5,000 masu iya tsirowa, kamar yadda masu tace irin masara ke yi a IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan. Rami 96 sau 36, rami 3,456 ke nan, aikin mutum shida na yini guda. Irin ƙuduji yana bukatar ya kwanta wata shida ko fiye bayan an tara shi kafin ya tsiro da kyau, kuma ɗalibin ba shi da ko cokali. Farfesan ya kira wani abokin aikinsa a wata cibiyar bincike, aka sami wanda aka tara a kakar da ta wuce. Sufa da fotash ma ta hannun ma'ajin gonar sashen ƙasa suka fito. Abin da ɗalibin ya zaga shaguna huɗu bai samu ba, yana nan a ɗakin ajiyar mutumin da bai taɓa komawa wurinsa ba.

Kafin su tashi daktan ya sa aka rubuta shafi ɗaya: taswirar fulotai 36 da lambar kowanne, sunan kowane taki kamar yadda yake a jikin buhu, giram nawa a fuloti, ranar da za a sa, ranakun ƙirga. Su biyun suka sa hannu. Aka yi ƙa'ida cewa duk abin da zai saɓa wa shafin nan, ko da canjin buhu ne, sai an tambaya, kuma tambayar ta zo ita kaɗai a saƙo, a taƙaice, da ranar da ake bukatar amsa. Ɗalibin ya koyi rubuta irin wannan: "Ranka ya daɗe, ruwa bai sauka ba kwana tara, yuriya ta biyu ranar Talata ce. In jira ruwa ko in sa? Ina bukatar sani kafin Litinin da dare." Irin wannan saƙo ana amsa shi a tsaye a bakin masallaci, kuma an riƙa amsawa a ranar. Bayan kowane zama yana tura layi huɗu na abin da aka yanke, malaman biyu a tare, don kada wata uku su wuce kowa ya tuna nasa daban.

An yi seminar furofozal a Maris da sababbin matakan. Damina ta biyu ta fi ta farko tsada nesa ba kusa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, kuɗin mota da na leburori suka bi shi. Hutun karatunsa ya ƙare, ya koma aji, gonar ta zama aikin Asabar da Lahadi da yammacin Laraba, ya ɗauki wani yaro da ya gama difloma yana kula da ita a tsakani. Ya ɗebi samfurin ƙasa kafin huɗa. A mako na bakwai farfesan da kansa ya je filin da motarsa, ya tsaya a kan hanyar tsakani yana nuna fulotan kwantirol tara ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba taswira ba, gajeru, rawaya, irin gida a cikinsu har ya fara ƙonewa a gefen ganye.

Rubutun kundi ya ɗauki daga Disamba zuwa tsakiyar 2024, aka bi ta na'urar binciken satar rubutu, aka yi kariyar cikin gida, aka tura wa mai jarrabawa na waje. Ranar kariya ta ƙarshe baƙon farfesan ya buɗe babi na uku, inda aka rubuta sakin layi guda da ke bayyana cewa a 2022 an yi amfani da kamfa saboda rashin sufa da fotash, kuma hakan ya ɗaga dukkan matakan da kilo 60. Ya tambayi ɗalibin me ya sa bai cire shekarar ba gaba ɗaya. Ɗalibin ya ce ita ce ta nuna masa cewa daga 140 zuwa 180 manomi asarar kuɗi kawai yake yi. Baƙon ya nemi ganin littafin filin 2022, ya juya shafukan har ya kai ranar sa taki, ya rufe ya mayar masa. Gyare-gyaren da ya bayar shafi ɗaya da rabi ne, aka ba shi mako huɗu ya kawo ɗaurarren kundi.